Ɓerayen da Ba Sa Firgita

A cibiyar binciken da ke bayan babban asibiti, in ka tambayi sunanta na gaskiya sai ma'aikata su yi ta kallon-kallo. Amma ka ce Innar Ɓeraye, ko mai gadin da ya kama aiki jiya zai nuna maka matakalar da ke sauka hawan ƙasa. Can take, a ɗaki mai sanyi marar taga, tsakanin kantoci cike da akwatunan roba, kowane akwati da dusar katako da kwalbar ruwa da baƙaƙen ɓeraye masu sheƙi.

Da shara ta fara a gidan, tana sabuwar uwa. Ranar da aka fara tura ta goge ɗakin ɓeraye, ɗaya ya leƙo ta, ta saki tsintsiya ta haye kujera tana salati. Tsohon da ke kula da ɗakin ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya ce ta sauko ta miƙo hannu. Ya ɗora mata ɗan jinjiri, ja wur, ko gashi babu, ɗuminsa kamar ƙwan da aka ɗauko daga ƙarƙashin kaza. Shi ke nan, son ɓeraye ya kama ta. Kafin tsohon ya yi ritaya ta iya komai, aka miƙa mata mabuɗi, ta riƙe shi fiye da shekara ashirin.

A unguwa ta daina wahalar bayani. Ta taɓa gaya wa maƙwabciyarta gaskiyar aikinta, washegari matar ta aiko a ce don Allah ta zo ta duba mata kicin, tunda ita ce gwanar ɓera. Tun daga nan in an tambaye ta sai ta ce aikin asibiti take yi, kuma ba ƙarya ta yi ba.

Su dai ɓerayen nan ba irin na bayan buhu ba ne. Zuri'a ɗaya ce da ake haɗa wa da ƙanwa, 'ya'yansu ma a haɗa wa da ƙanwa, haka haka har suka zama kusan abu guda, jini ɗaya, hali ɗaya. Amfanin hakan shi ne, in mai bincike ya gwada magani a kansu a nan, wani kuma ya gwada a kan irinsu a wata ƙasa, za a iya jera sakamakon biyu a kwatanta. Shi ya sa sunan zuri'ar da ke manne a gaban kowane akwati amana ne. In sunan ya ce kaza ne, dole abin da ke ciki ya zama kaza ɗin, ba ɗan uwansa ba.

Kowane ɓera da lambarsa, kuma a kunne take. Da ɗan ƙaramin almakashi mai huda Inna ke yi musu, huda a sama ma'anarta daban, tsaga a gefe ma'anarta daban, kunnen dama da na hagu kowanne da lissafinsa. Ɗan guntun fatar da ya fita, wanda bai kai ƙwayar gero ba, ba a yar da shi. A ɗan bututu ake jefa shi a kai hawan sama, a gwada ƙwayoyin gadon da ke ciki, a tabbatar zuri'ar ba ta gauraya ba. Shekara da shekaru ana gwadawa, amsa ɗaya ke saukowa: lafiya lau.

Abin alfaharin Inna kuwa shi ne natsuwar ɓerayenta. Ƙofar ɗakin nan ta ƙarfe ce, abin da ke riƙe ta ya lalace tun zamanin tsohon, in an sake ta sai ta buga, gwaram, har kwalabe su yi ƙara. Kafintan cibiyar ya yi alkawarin gyara ta tun yana da baƙin gashi. Baƙo duk ya shigo sai ya zabura, amma ɓerayen Inna ko gezau. Sai ta gyara takunkumi ta ce, "Tarbiyya ce. 'Ya'yan gidan mutunci ne."

Kuma hira take da su. Da safe tana sa safar hannu za ta fara, ta gaishe su kanta bayan kanta, ta ba su labarin cunkoson mota, da ciwon gwiwarta, da autarta da ke makaranta ba ta kiran waya sai tana son wani abu. Su kuwa sai su taso gaban akwati suna ɗaga hanci. Ita a wajenta wannan sauraro ne, irin wanda ta daina samu a gida.

Malam, mijinta, a masaƙa ya ƙare ƙuruciyarsa, cikin rugugin injina, ya fito da fansho da kunnuwan da suka toshe a hankali. Da mutum ne mai hira, ita ma ba baya ba, har 'ya'ya kan ce a bar su su yi barci. Da kunnen ya tafi sai ta koma ɗaga murya, ɗaga murya ya koma kamar faɗa, maƙwabta suka fara tambaya ko lafiya. Ta gaji. Magana ta rage saura nuni da hannu, ga abinci, ga magani, an ɗauke wuta. Ba ƙiyayya ba ce, gajiya ce kawai, amma shiru ɗin ya yi kaka-gida. Shi yana kan benci a baranda yana gyaran lemar mutane, ita ta wuce ciki, labarinta duk ta riga ta juye wa ɓeraye.

Ana haka cibiya ta sayi sabon inji. Tsohon gwaji wurare kaɗan yake dubawa a ƙwayar gado, wannan kuwa yana karanta ta daga farko har ƙarshe. Wata matashiya aka ɗauka ta riƙe shi, siririya mai yawan ba da haƙuri, wadda kowa ke kira Mai Tabarau. Ta karɓi bututan Inna da hannu biyu kamar an ba ta kyauta.

Bayan 'yan makonni Dakta, shugabar sashen, ta aika a kira Inna ofis. Mai Tabarau na zaune a gefe tana murza yatsu.

"Inna, zauna," in ji Dakta. "Ba labari mai daɗi ba ne. An kwatanta ɓerayenmu da asalin zuri'ar, an samu bambanci a wuri ɗaya. Kuma dukkansu suna da shi."

"Wani ɓera ne ya shiga cikinsu? Dakta, ko ƙuda ba ya shiga ɗakin nan ban sani ba."

"Ba gauraya ba ce, Inna," Mai Tabarau ta yi saurin cewa. "Canji ne da ya faru da kansa a jikin ɗaya, tun da daɗewa, sai ya bi zuri'ar gaba ɗaya. Yana faruwa. Ki yi haƙuri."

"To yanzu sai yaya?"

Dakta ta cire biro daga aljihu ta mayar. "Kin san ƙa'ida. Sunan da ke kan akwatin ba nasu ba ne kuma. Za mu sayo sabon iri daga tushe. Waɗannan, in kwamiti ya zauna a ƙarshen wata, sai dai a kwantar da su."

Inna ta san abin da ake nufi da kwantarwa, da hannunta ta sha yi wa tsofaffi da marasa lafiya. Amma ɗaki guda, har da masu ciki, har da jinjirai? Ta ce to, ta miƙe, ta sauka matakala tana dafa bango. Ba ta ji haushin Dakta ba, ita ma baiwar Allah ayyukan shekaru ne za ta koma ta sake dubawa. Ciwo kawai ta ji, irin na wanda aka ce masa ɗan da ya raina ba sunansa ke nan ba.

Washegari da hantsi Mai Tabarau ta sauko, sanye da rigar ɗaki da ta yi mata yawa. Ta saki ƙofa, gwaram. Ta zabura har tabarau ya zame mata. Tana gyara shi ta tsaya cak, tana bin kantocin da ido.

"Inna, ba wanda ya motsa."

"Ai haka suke. Tarbiyya."

"Tun da can haka suke?"

"Ina! Da na karɓi ɗakin nan, ƙofar na bugawa sai ki ga kamar an watsa gyaɗa a kasko. Uwa ta firgita ta tattake 'ya'yanta, wata ma ta cinye su. Raina ya yi ta ɓaci. Sai wata rana na lura da wasu 'yan ciki ɗaya, biyu a cikinsu ko a jikinsu. Na ce ku ne iyayen gobe. Tun daga nan in zan haɗa aure, sai na saki ƙofa in ga wa ya natsu."

Ta faɗi haka ne da alfahari, sai da ta ji shi a kunnenta sannan ta tuna abin da tsohon ya koya mata, cewa mai haɗa zuri'a ba ya zaɓen wanda ya fi burge shi, hannu yake sawa ya ɗauko wanda ya samu. Ita ba ta taɓa ɗaukar abin da take yi a matsayin zaɓe ba. Tausayin jinjirai ne.

Mai Tabarau ta matso kusa da akwatunan. Ta ce, "Wurin da aka samu canjin, na duba shi jiya. Da kunne yake da alaƙa. Inna, zo mu gwada wani abu."

Ta ɗauko cokulan awo biyu na ƙarfe. Suka shiga ɗakin da ke kusa, inda ake ajiye wasu fararen ɓeraye na wani aiki, ta tsaya bayan akwati ta haɗa cokulan, ƙwal. Fararen suka yi tsalle, kunnuwa suka miƙe. Suka dawo ɗakin Inna, ta tsaya bayan akwati inda ba a ganinta, ta sake bugawa. Wata uwa na gurgurar abinci, ta ci gaba da gurgura. Aka gwada akwati na biyu, na uku, har ƙarshen kanta.

Inna ta karɓi cokulan ta buga da kanta, da ƙarfi. Ta tafa. Ta kira su yadda take kiransu kullum. Babu kunnen da ya motsa, kunnuwan da ita ta huda ɗaya bayan ɗaya.

"Kurame ne," ta ce. Ta nemi kujera ta zauna. "Duk surutun nan da nake yi, shekara da shekaru, ashe ni kaɗai nake ji. To, 'yar nan, me ke kawo su gaba in na shigo?"

"Ƙamshinki, Inna. Da takunki, kantocin na girgiza kaɗan in kin wuce. Da inuwarki. Sun san ke ce, ba ta kunne ba ne kawai."

Da yamma ta dawo gida rana ba ta faɗi ba. Malam na baranda, baya ya ba ƙofa, da lema a cinya. Ta zo za ta wuce kamar kullum, sai ya ce da muryarsa mai ƙarfi ta wanda ba ya jin kansa, "Yau tafiyarki ba daidai ba. Me ya faru?"

Ta tsaya. Bai ma juyo ba tukuna. Ta zagayo gabansa ta nuna kunne, ta buɗa hannu, wato ya aka yi ka sani.

"Benci ke gaya mini," ya ce, yana dafa katakon. "Kullum ina jin shigowarki. Yau kina jan ƙafa."

Kunya ta kama ta, da wani abu mai kama da kewa, alhali ga mutumin a gabanta. Ta jawo kujera ta zauna daf da shi, fuska da fuska, abin da ta manta rabon da ta yi. Ta fara ba shi labari a hankali, ba ihu, tana buɗe baki sosai, tana haɗawa da hannu. Ta yi masa ƙofa, ta yi masa cokula, ta yi masa ɓera mai gurgura, har ya yi dariya a inda ba na dariya ba. Wani wurin sai ta maimaita sau uku. Da ta zo kan kwamiti, ta shafa tafin hannu a iska, alamar za a share su.

Malam ya ajiye lema. "Don ba sa ji?"

Ta so ta ce a'a, don suna ne, don ƙa'ida ce, amma bayanin ya yi wa hannu tsawo.

"Duk likitocin nan," ya ce, "ba mai neman sanin yadda kunne ke mutuwa? Ni da na je cewa suka yi ba a san magani ba. To ga waɗanda za a tambaya, an tara su ɗaki guda."

Da wannan maganar ta kwana, da ita ta hau sama da safe, gwiwa na ƙara, ta samu Mai Tabarau gaban injinta.

"'Yar nan, tambaya gare ni. Duk duniya ba mai bukatar kurman ɓera?"

Mai Tabarau ta cire tabarau ta goge. Ta ce ita ma abin ya zo mata, amma sabuwa ce, ta ji nauyin buɗe baki. Inna ta ce nauyin baki ba nata ba ne, ta taso su je. Dakta ta saurare su har ƙarshe. Ta ce gaskiya ɗaya ce, ba za a ƙara amfani da su da tsohon suna ba, wannan ba canji. Amma zuri'a mai jini ɗaya, mai kurumta ta gado, wadda aka san daidai inda canjin yake, ba abin zubarwa ba ce in akwai mai so. Ta ba Mai Tabarau izinin tuntuɓar masu binciken kunne. In an samu kafin kwamiti ya zauna, ita za ta tsaya musu.

Jiran bai yi daɗi ba. Wuri na farko suka ce suna da irin nasu. Na biyu ko amsa. Inna ta ci gaba da canja dusa da cika kwalabe, amma bakinta ya mutu a ɗakin, sai ta buɗe za ta yi gaisuwa ta tuna ta fasa. Hirar ta koma baranda. Kullum da yamma Malam zai tare ta da "Yaya mutanena?" ita kuma ta zauna ta ba shi rahoto, daga nan a gangara kan auta, a gangara kan maƙwabta. Rabin abin da take faɗa yake kamawa, sauran ya cike da nasa, wani lokacin nasa ya fi daɗi.

Ana saura kwanaki kaɗan kwamiti ya zauna, Mai Tabarau ta sauko a guje, ta saki ƙofa, ta zabura, ta ba ƙofar haƙuri. Wata cibiya mai binciken kurumtar da ake haihuwar yara da ita ta amsa. Akwai iyalai da ke da canji a daidai wannan wurin, kuma sun daɗe suna neman dabbar da za su yi nazari a kanta. Suna son a aika musu, suna kuma roƙon kada a taɓa sauran.

Kwamiti ya amince. Aka yi wa zuri'ar rajista da sabon suna, tsohon sunan da ƙarin harufan cibiyar a ƙarshe, shaidar cewa reshe ne mai zaman kansa. Aka ɗebi 'yan tayi aka daskarar a tukunyar sanyi, ko da wani abu zai faru. Sabon irin da aka sayo aka ba shi ɗaki daban, kuma can Inna ke rufe ido ta sa hannu ta ɗauko wanda ta samu, tana gunaguni. Dakta da kanta ta je ta tsaya kan kafintan cibiyar ya gyara ƙofar, ya rantse gobe.

Ranar da za a ɗauki waɗanda za a aika, Inna ta nemi alfarma ɗaya, aka yi mata. Malam ya zo da rigarsa mai guga, aka sa masa rigar ɗaki da hula da takunkumi, ya tsaya daga bakin kanta hannuwa a baya kamar mai duba fareti. Dakta na nan, Mai Tabarau na nan, ga direban da ya zo ɗaukar kaya. Inna ta bi akwatunan tafiya tana duba kunnuwa tana karanta lamba, kuma ba ta san lokacin da bakinta ya buɗe ba, tana ce musu su yi hankali a hanya, su riƙe mutuncin gida.

Direba ya fita da akwatin farko, ya saki ƙofa. Gwaram! Dakta ta dafe ƙirji, Mai Tabarau ta cafe tabarau, ita kanta Inna sai da ta zabura. Malam kuwa yana sunkuye, hanci kusa da roba, shi da wata baƙar uwa suna kallon juna, ba wanda ya motsa a cikinsu.

Ya ɗago ya ga kowa na kallonsa. Ya nuna akwatin da yatsa, ya ce da muryar da ta cika ɗakin, "Waɗannan 'yan gidanmu ne."

Inna ta yi dariya har hawaye ya jiƙa mata takunkumi. Ta matso ta ja takunkumin ƙasa kaɗan, ƙa'ida ta yi haƙuri, don ya ga bakinta.

"Tarbiyya ce," ta ce masa.

Wannan karon bai nemi ta maimaita ba.